AMURKA: KOTU TA YANKE HUKUNCI, MAI HATIMI TA ƘI BUGAWA

Ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 2015, Kotun Ƙoli ta ƙasar Amurka ta yanke hukunci cewa babu wata jaha daga cikin jahohi 50 na ƙasar da ke da ikon hana takardar aure ga mutum biyu masu jinsi ɗaya, watau namiji da namiji ko mace da mace. Alƙalai 9 ne ke zama a wannan kotu. Biyar sunka amince, huɗu sunka ƙi, cikinsu har da shugaban kotun, John Roberts. Mai shari'a Anthony Kennedy shi ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya dogara bisa gyara na 14 na tsarin mulkin ƙasar, wanda anka yi cikin shekara ta 1868 bayan yaƙin basasa, domin doka ta kare kowane ɗan ƙasa ba tare da bambanci ba.

Masu karatu sun sani dokar ƙasarmu ba ta san irin wannan aure ba, kuma ba zancen halaccinsa ya kawo mu yau ba. Abin da ya biyo bayan hukuncin shi ne ya kamata kowane ma'aikacin hukuma ya tsaya ya duba. Alƙalan nan tara da ke Washintan ba su ne ke miƙa ma mutane takardar aure ba. Ƙasar Amurka tana da gundumomi fiye da 3000, kuma a galibinsu akwai wani ƙaramin biro, kamar namu na etasibil, inda ake cika takarda, a biya kuɗi, a sa hannu, a buga hatimi. To, in mai riƙe da hatimin ya ce shi ba ya bugawa, mine ne amfanin hukuncin da anka yanke can sama?

Magatakardar Rowan

Gundumar Rowan tana cikin duwatsun gabashin jahar Kentaki. Mutanenta ba su kai 25,000 ba, babban garinta kuwa shi ne Morehead. Cikin watan Nuwamba na 2014 mutanen gundumar sunka zaɓi wata mata, Kim Davis, ta zama magatakardarsu. Ba baƙuwa ba ce a biron: mahaifiyarta ta riƙe wannan kujera shekaru 37, ita kuma ta yi fiye da shekaru 20 tana aiki ƙarƙashinta. Aikin ya ƙunshi rajistar filaye, da lambobin motoci, da shirya zaɓe, da takardun aure. Bisa dokar jahar ta lokacin, kowace takardar aure sai ta fito da sunan magatakarda a kanta, da kalmomin da ke nuna cewa shi ya ba da izini.

A nan gizo ya yi saƙa. Kim Davis kirista ce mai riƙo da addininta ƙwarai, ta ce sunanta bisa takardar yana nufin ta yarda da auren, ita kuwa imaninta bai bar ta ta yarda ba. Da hukuncin ya fito, gwamnan jahar, Steve Beshear, ya aika ma magatakardu 120 na jahar da umurnin su bi shi. Kusan dukansu sunka bi, waɗansu da murna, waɗansu rai bai so ba. Kim Davis da waɗansu biyu sunka ƙi. Don kada a ce ta nuna bambanci, sai ta rufe tagar aure ga kowa da kowa. Saurayi da budurwa ma in sun zo, sai a ce musu su tafi wata gunduma.

Mu lura da cewa ba ta kasance ita kaɗai ba cikin ra'ayinta. Cikin shekara ta 2004 an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a Kentaki, inda kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe sunka ce aure na namiji da mace ne kawai. Saboda haka tana iya cewa, kuma ta faɗa, jama'ar da sunka zaɓe ta suna bayanta.

Masu neman aure gida huɗu sunka kai ta ƙara: biyu masu jinsi ɗaya, biyu kuma namiji da mace waɗanda rufe tagar ya shafa ba su ji ba su gani ba. Ƙarar ta faɗa hannun alƙalin tarayya David Bunning, wanda shugaba George W. Bush ya naɗa. Lauyoyin magatakarda sunka ce ai babu wanda anka hana ma aure, tun da gundumomin maƙwabta a buɗe suke, tafiyar rabin awa ce ko awa guda da mota. Ran 12 ga watan Agusta alƙali ya yi watsi da wannan hujja. Ya ce mutanen nan a Rowan suke zaune, nan suke aiki, nan suke biyan haraji, saboda haka suna da haƙƙin a yi musu aiki a biron garinsu. Ya tuna kuma cewa akwai talakawan ƙauye da ba su da abin hawa. Sa'an nan ya kawo wata tambaya: in an bar wannan ta rufe tagarta, gobe maƙwabtanta ma sunka rufe tasu, ina mutane za su nufa? Game da sunan da ke kan takarda, ya ce sa hannun magatakarda shaida ce kawai cewa masu neman auren sun cika sharuɗɗan doka, ba albarka take sa musu ba. Ya umurce ta ta buɗe taga.

Ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, tana neman a dakatar da umurnin. Ran 31 ga Agusta kotun ta ƙi. Kashegari, 1 ga Satumba, gaban ƴan jarida da masu ɗaukar hoto, masu neman aure sunka sake zuwa, ta sake hana su. Da ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta da ikon wa take hana su, ta amsa cewa da ikon Allah.

Me alƙali ke da shi a hannu?

Mai karatu da ya saba da tsarin aikin gwamnati irin namu zai ce abin ai mai sauƙi ne: a sauke ta, a naɗa wani. A Kentaki ba haka abin yake ba. Magatakarda zaɓaɓɓe ne, ba gwamna ya naɗa shi ba, don haka gwamna ba ya iya korar shi. Majalisar dokokin jaha kaɗai ke iya tsige shi, majalisar kuwa tana hutu sai watan Janairu, kuma ko da tana zaune, da wuya ƴan majalisar su tsige matar da yawancin masu zaɓensu ke yi ma tafi. Gwamna Beshear ya ce duk magatakardan da ba ya iya aikin ya yi murabus. Ita ta ce ba ta murabus. Magatakardu da dama sunka roƙi gwamna ya kira zaman majalisa na musamman a gyara fasalin takardar. Ya ƙi, ya ce ba zai kashe kuɗin jama'a ba saboda mutum uku.

Alƙali shi kansa ba shi da soja, ba shi da baitulmali. Abin da doka ta ba shi shi ne ikon hukunta wanda ya raina umurnin kotu, ko dai da tara ko da tsarewa. Lauyoyin masu ƙara tara sunka nema, ba su nemi a ɗaure ta ba, watakila don sun san abin da ɗauri zai mai da ita a idon magoya bayanta. Amma ran 3 ga Satumba Bunning ya ce tara ba za ta yi aiki ba, domin akwai masu shirin tara kuɗi su biya mata, ita kuwa ta ci gaba da abin da take yi. Ya ce shi ma yana da addini, amma ya yi rantsuwar kama aiki, ita ma ta yi. Ya sa anka kai ta gidan kaso na gundumar Carter, a garin Grayson.

Irin wannan tsarewa tana buƙatar bayani, don ba ɗaurin mai laifi ba ne. Ba a yanke mata wata uku ko shekara ba. Doka ta ce wanda anka tsare haka zai fita ranar da ya yarda ya bi umurni, ko ranar da umurnin ya cika ta wata hanya. A ranar ma alƙali ya yi mata tayi: in ta yi alkawarin ba za ta hana mataimakanta ba da takardun ba, sai ta koma gida. Ta ƙi. Kafin wannan tayi, alƙali ya juya wajen mataimakan nata su shida, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko za su bi umurnin kotu. Biyar sunka ce za su bi. Na shidan, wanda ɗanta ne, ya ƙi, ba a kuma taɓa shi ba tun da akwai masu yin aikin. Safiyar 4 ga Satumba tagar ta buɗe, anka ba da takarda ta farko.

A ganinmu, nan ne hikimar alƙalin ta fito. Bai sa kansa aikin sauya zuciyar matar ba, ya san wannan ba aikin kotu ba ne. Bukatarsa ita ce taga ta buɗe, kuma da ta buɗe, ran 8 ga Satumba, bayan kwana biyar, ya sallame ta, da gargaɗin kada ta sa baki cikin aikin mataimakanta. Ta fito ta iske dubban mutane suna jiran ta da gicciye da kiɗa, da ƴan siyasa biyu masu neman shugabancin ƙasa, Mike Huckabee da Ted Cruz. Cikin watan nan kuma ta bar jam'iyyar Demokarat da ta tsaya zaɓe a ƙarƙashinta, ta koma Rifablikan.

Da ta koma aiki ran 14 ga Satumba, sai ta bi wata hanya: ta cire sunanta daga takardun, ta sa anka rubuta cewa bisa umurnin kotun tarayya ake ba da su. Waɗanda sunka karɓa sunka shiga zullumi, ko aurensu ya ɗauru a doka ko bai ɗauru ba, har sai da gwamna ya fito ya ce takardun suna da inganci. Cikin Nuwamba anka zaɓi sabon gwamna, Matt Bevin, mai goyon bayanta. Cikin Disamba ya ba da umurnin cire sunan magatakarda daga takardar aure, cikin Afrilu na 2016 kuma majalisa ta mai da abin doka. Gyaran layi ɗaya ne bisa takarda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: da masu mulkin jahar sun yi wannan ɗan gyara tun cikin Yuli na 2015, da watakila babu wanda zai kwana kaso, babu kuma wanda zai yi wata biyu yana kai da kawowa bakin taga.

Tsohuwar hanya

Amurkawa sun daɗe da sanin wannan rigima, ko da yake bisa wata magana dabam. Cikin 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba lakkol tsakanin farare da baƙaƙe. Cikin Satumba na 1957 gwamnan jahar Arkansas, Orval Faubus, ya jera sojojin jaha ƙofar wata babbar lakkol ta garin Little Rock don su hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga. Sai da shugaba Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya wajen 1000 sunka raka yaran har cikin aji. Shekara ta gaba, 1958, Kotun Ƙoli ta fito da wani hukunci wanda alƙalan nan tara duka sunka sa ma hannu, cewa fassarar da kotun ta yi ma tsarin mulki ta hau kan kowane gwamna da kowane ma'aikacin jaha da ya yi rantsuwa. Faubus ya amsa da rufe manyan lakkol na garin ga kowa har shekara guda.

Magoya bayan Kim Davis ba su yarda da wannan kwatanci ba ko kaɗan. Sun ce launin fata dabam, koyarwar addini bisa aure dabam, kuma su a wurinsu ta fi kama da waɗanda sunka shiga kaso saboda imaninsu. Ba mu kawo shi don mu haɗa maganganun biyu ba. Dabarar ce iri ɗaya, ta rufe ƙofa ga kowa don kada a buɗe ma wanda ba a so, kuma hukuncin 1958 shi ne tubalin da alƙalan tarayya ke tsayawa bisansa duk sa'ad da wani ma'aikacin jaha ya ce hukuncin Washintan bai hau kansa ba.

A jahar Alabama kuwa, mai ƙin bin umurnin ba ƙaramin magatakarda ba ne, babban alƙalin jahar ne da kansa, Roy Moore. An taɓa sauke shi cikin 2003 don ya ƙi bin umurnin kotun tarayya na ya cire wani babban dutse mai ɗauke da Dokoki Goma da ya kafa cikin ginin kotu. Jama'a sunka sake zaɓen shi cikin 2012. Ran 6 ga Janairu na 2016, wata shida bayan hukuncin Kotun Ƙoli, ya rubuta ma ƙananan alƙalan gundumomi, waɗanda su ke ba da takardun aure a can, cewa haramcin jahar yana nan daram. Ka ga halin da ƙaramin ma'aikaci ya shiga: shugabansa na kusa ya ce kada ya ba da, kotun tarayya ta ce ya ba da. Kotun ladabtar da alƙalai ta jahar ta raba gardama ran 30 ga Satumba na 2016, ta dakatar da Moore ba albashi har ƙarshen wa'adinsa. Duk da haka waɗansu gundumomi sunka bar tagar aure a rufe shekara da shekaru, suna fakewa da cewa dokar jahar ta ce alƙali yana iya ba da takarda, ba ta ce dole ba. Cikin 2019 majalisar Alabama ta soke takardar izinin aure ɗungum. Tun daga ƙarshen watan Agusta na wannan shekara, masu aure ke cika takarda da kansu, su sa hannu gaban mai tabbatar da sa hannu, su kai biro a shigar cikin rajista. Babu wanda ke ba da izini, balle ya ce ya hana.

Jahar Karolina ta Arewa ta ɗauki wata hanyar tun 2015: ma'aikacin da addininsa ya hana shi yana iya janyewa daga aikin aure gaba ɗaya, na kowa da kowa, amma wajibi ne gunduma ta tanadi wani da zai yi.

Yadda Faransa ta yi

Tun da tsarin etasibil namu daga Faransa munka gaje shi, ya kamata mu leƙa can. A Faransa majalisa ce ta yi dokar, ba kotu ba, cikin watan Mayu na 2013, kuma magajin gari ne ke ɗaura aure da ɗamararsa mai launi uku. Magadan gari da yawa sunka nemi a ba su damar janyewa saboda imaninsu. Shugaba François Hollande ya yi musu magana mai kama da alkawari a babban taronsu na Nuwamba 2012, kashegari ya janye ta. Ran 18 ga Oktoba na 2013 Majalisar Tsarin Mulki ta ce babu wannan dama: sa'ad da magajin gari ke ɗaura aure, da sunan ƙasa yake yi, ba da sunan kansa ko na garinsa ba. Abin da ya sassauta lamarin shi ne mataimakansa ma suna da ikon ɗaurawa, saboda haka galibi akan sami wanda zai tsaya. Amma wanda ya yi gardama a fili yakan gamu da kotu. Cikin 2015 an yanke ma wata mataimakiyar magajin gari a Marseille ɗaurin wata biyar na jeka-ka-gyara-halinka, don ta ƙi ɗaura auren waɗansu mata biyu.

Faransawa ba su ɓata lokaci bisa zancen sunan wa ke kan takarda ba, don tun asali sun ɗauka cewa hannun da ke sa hannu aro ne. Amurkawa kuwa, da yake zaɓen magatakardansu suke yi, sai da sunka yi shekaru suna jayayya ko kujerar ta wanda anka zaɓa ce ko ta doka.

Wa zai biya?

Shari'a a Amurka tana da tsada, kuma doka ta ce wanda ya take haƙƙin ɗan ƙasa ya sha kaye, shi ke biyan lauyoyin wanda ya kai ƙara. Cikin 2017 alƙali Bunning ya lissafa kuɗin lauyoyin masu ƙarar farko, ya kama fiye da dala 220,000. (Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.) Ya ce jahar Kentaki za ta biya, domin a sha'anin aure magatakarda wakiliyar jaha ce. A nan anka ga abin mamaki: lauyoyin gwamna Bevin, wanda ya yi ta yabon ta lokacin yaƙin zaɓe, sunka je kotun ɗaukaka ƙara suna cewa ita ta karya doka, bai kamata a ɗora ma jama'ar jaha nauyin ba. Kotun ta ƙi jin su cikin 2019. Kuɗin ya fito daga aljihun masu biyan haraji, waɗanda sunka goyi bayanta da waɗanda ba su goya ba.

Kafin nan, cikin Nuwamba na 2018, mutanen Rowan sun riga sun sauke ta a akwatin zaɓe, sunka ba Elwood Caudill na jam'iyyar Demokarat kujerar. Ɗaya daga cikin mutanen da ta hana ma takarda shi ma ya nemi kujerar a wannan shekara, amma ya faɗi tun a zaɓen fid da gwani.

Saura ƙarar da waɗansu sunka kai ta ita kanta, suna neman diyya. A nan hujjarta ta kasu biyu, kuma biyun sunka ƙi haɗuwa. Ta ce ita ma'aikaciyar hukuma ce, doka ta kare ta daga biyan diyya bisa aikin ofishinta; kotuna sunka amsa cewa wannan kariya ba ta rufe wanda ya take haƙƙin da anka riga anka bayyana sarai ba. Ta ce to ita mutum ce mai ƴancin addini. Sunka amsa cewa ranar da ta tsaya bayan taga ta ce a'a, gwamnati ce ta yi magana da bakinta, ƴancin addini kuwa an yi shi ne don ya kare mutum daga gwamnati. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu iya magana, sai ya yi masa aski. Cikin Oktoba na 2020 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ta, ko da yake mai shari'a Clarence Thomas, tare da Samuel Alito, ya rubuta cewa hukuncin 2015 ya jefa masu addini cikin matsi, kuma kotun ce ta haifar da matsalar.

Cikin Satumba na 2023 mutanen gari da ake zaɓowa su taya alƙali hukunci sunka yanke cewa ta biya waɗansu maza biyu dala 50,000 kowannensu, jimla 100,000, watau wajen miliyan 60 na kuɗinmu na sefa a canjin lokacin. Wani rukunin masu taya alƙali, da ya duba ƙarar waɗansu biyun dabam, bai ba su ko tamma ba. Daga baya Bunning ya ƙara mata dala 260,000 na lauyoyi. Wannan karo ba jaha anka ɗora ma ba, ita ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin cikin Maris na 2025. Lauyoyinta sunka sake komawa Kotun Ƙoli, suna roƙon a ɗauke mata bashin, a kuma soke hukuncin 2015 tun daga tushe. Ran 10 ga Nuwamba na 2025, shekara goma da wata biyu bayan kwanakin da ta yi a gidan kason Grayson, kotun ta ƙi karɓar ƙarar, ba ta kuma faɗi dalili ba.